Shekara guda a Jami'ar Birmingham: abin da kuɗin ke saye

Jami'o'i biyar ne a garin Birmingham na Ingila, galibinsu kuma suna ɗauke da sunan garin. Shi ya sa duk wanda ya tare ni a nan Katsina ya ce an samo wa ɗansa gurbi a Birmingham, tambayar farko da nake yi masa ita ce: wacce daga ciki? Akwai Birmingham City University, akwai University College Birmingham, akwai Aston, akwai Newman. Wadda zan yi magana a kanta ita ce University of Birmingham, babbar, wadda ke unguwar Edgbaston. A can na yi digiri na biyu a fannin nazarin Afirka, zangon karatu na 2022 zuwa 2023. Ni malamin tarihi ne a wata kwaleji a nan gari, kuma tallafin karatu ne ya kai ni, don albashina ba zai taɓa iya ɗaukar wannan nauyin ba.

Hukuncina a kanta shi ne makaranta ce ta gaske, sunanta ba na banza ba ne. Amma abin da kake biya wa kuɗi abu uku ne: littattafai, malamai, da damar zama ka yi karatu ba tare da wani abu ya katse ka ba. Duk wanda zai je alhali ya san ba zai samu lokacin zaman ba, gara ya riƙe kuɗinsa.

Asalin jami'ar kwalejoji ne guda biyu, makarantar koyon likitanci da ta faro a 1825, da kwalejin kimiyya da wani attajiri mai masana'antar bakin alƙalami, Josiah Mason, ya kafa a 1875. A shekarar 1900 aka ba ta takardar izinin zama jami'a mai cin gashin kanta. Kafin lokacin, in ana maganar jami'a a Ingila, hankali kan Oxford da Cambridge yake tafiya, wuraren 'ya'yan manya. Masu masana'antun Birmingham kuwa injiniyoyi suke so, da likitoci, da masu sanin haƙar ma'adinai da lissafin kasuwanci, don haka suka gina tasu. A 1902 ta buɗe tsangayar kasuwanci, irinta ta farko a Ingila. Attajirin nan na Amurka, Andrew Carnegie, ya ba da fam 50,000, wani mai filaye da ake kira Lord Calthorpe ya ba da fili, Sarki Edward na Bakwai ya buɗe manyan gine-ginen jan bulo a 1909.

Mutumin da ya tsaya kai da fata har aka kafa ta, kuma ya zama ubanta na farko, shi ne Joseph Chamberlain. Duk ɗalibin tarihin Arewa ya kamata ya ɗan dakata a kan wannan sunan. Chamberlain ne sakataren harkokin mulkin mallaka na Birtaniya daga 1895 zuwa 1903. A ƙarƙashinsa aka kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma aka ɗora Lugga a kanta a 1897. A ƙarƙashinsa aka karɓe iko daga kamfanin Royal Niger aka shelanta mallakar Arewacin Nijeriya ranar 1 ga Janairun 1900, wato shekarar da jami'ar tasa ta samu izini. Yana kan kujerar Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato ta faɗi a Maris, Katsina kuma ta miƙa wuya ba tare da yaƙi ba. Doguwar hasumiyar agogo da ke tsakiyar makarantar, mai tsawon kusan mita 100, sunansa ta ci, ɗalibai na kiran ta Old Joe. Kullum ta gabanta nake wucewa zuwa aji, kuma ban taɓa iya kallon ta a matsayin ado kawai ba. Abin da na yaba shi ne a sashenmu ba a ɓoye wannan tarihin. An tattauna shi a aji ƙarara, da Turawa da 'yan Afirka, ba wanda aka hana faɗin ra'ayinsa.

Ɗalibai na da camfin cewa wanda ya ratsa ta ƙarƙashin hasumiyar daidai lokacin da agogon ke bugawa zai faɗi jarrabawa. Za ka ga yara masu karatun kimiyya suna kewaye ta da gaske.

Harabar kanta tana da kyau ƙwarai, kuma a dunƙule take wuri guda, ba a warwatse cikin gari ba kamar wasu jami'o'in Ingila. Tana da tasharta ta jirgin ƙasa, sunan tashar ma University, kuma daga nan zuwa babbar tashar New Street da ke tsakiyar gari bai kai minti goma ba. Babban asibitin Queen Elizabeth na maƙwabtaka da ita, can ɗaliban likitanci ke koyon aiki. Akwai gidan adana zane-zane na Barber da gidan tarihin duwatsu da ƙasusuwan halittun da na Lapworth, duka shiga kyauta. Akwai kuma cibiyar wasanni mai tafkin ninƙaya na mita 50. Wata biyu kafin in isa aka yi wasannin ƙasashe rainon Ingila na 2022 a garin, har aka buga hoki a filin jami'ar.

Batun suna kuwa, tana cikin ƙungiyar Russell, wato jami'o'i 24 na Birtaniya da suka fi ƙarfi wajen bincike, kuma ta saba fitowa cikin ɗari na farko a jerin QS na jami'o'in duniya. Ni ban cika damuwa da irin wannan jeri ba, don kowace shekara hawa da sauka ake yi. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne ayyukan da aka yi a cikinta. A ɗakunan gwajinta Norman Haworth ya yi aikin haɗa sinadarin bitamin C, ya samu kyautar Nobel a 1937. A 1940 John Randall da Harry Boot suka ƙera na'urar da ta ƙarfafa rada a Yaƙin Duniya na Biyu, irin wadda ke cikin murhun maikirowef a yau. A wannan shekarar dai Otto Frisch da Rudolf Peierls suka rubuta takardar da ta nuna cewa ɗan ƙaramin yuraniyom zai isa a haɗa bam ɗin nukiliya, abin da ba zan kira shi abin alfahari ba, amma ya sauya duniya. A 2016 mutum uku da suka taɓa aiki a can suka samu Nobel, David Thouless da Michael Kosterlitz a kimiyyar fiziks, Fraser Stoddart a kimiyyar sinadarai. Sashenmu kuwa ya samo asali ne daga cibiyar nazarin Afirka ta Yamma da masanin tarihi John Fage ya kafa a 1963, wadda ta daɗe tana cikin wuraren da ake ji da su a wannan fanni.

Yadda ake koyarwa shi ne abin da ya fi girgiza wanda ya fito daga tsarinmu. Awannin da za ka zauna a aji a mako kaɗan ne. Ba malamin da zai tsaya yana karanto maka kana rubutawa, ba kuma wanda zai sayar maka da takardun darasi. Tun kafin mako ya kama an saka maka jerin abin da za ka karanta a shafin intanet na makaranta, maƙaloli uku ko huɗu da babi ɗaya ko biyu na littafi. Ranar aji a zauna a zagaye, mutum goma sha wani abu, malama ta jefo tambaya ta yi shiru. In ba ka karanta ba, kowa zai gane, don ba inda za ka ɓuya. In kuma ka karanta, ana so ka faɗi inda marubucin ya yi rauni, ko da kuwa shi ne farfesan da ke zaune a gabanka. Da sunansu na yanka ake kiran malamai, babu Farfesa babu Dakta. Wannan ya yi mini nauyi a baki har na gama, kuma har yau ina ganin girmama malami da muke yi ya fi kyau. Sai dai na lura rashin wannan shamakin ne ke sa ɗalibi ya iya ƙwanƙwasa ƙofar malami a lokutan da ya ware, ya ce ban gane ba, a zauna da shi rabin awa.

Jarrabawar zama a zaure kusan babu a fanninmu, rubutu ne, maƙala mai kalmomi dubu uku ko huɗu a kowane darasi, sannan kundin ƙarshe a lokacin bazara. Maki 50 ne ci, 60 yabo, 70 zarra, kuma 70 ɗin nan ba a samun ta da sauƙi. Kowane rubutu sai ya bi ta manhajar Turnitin mai gano kwafe, kuma ba sa wasa da wannan laifin ko kaɗan. Abin da ya fi makin daraja a wurina shi ne bayanin da ke biyo shi. Malamar da ta duba kundina takan bi shi layi-layi. A gefen sakin layi guda za ka ga ta rubuta: wa ya faɗi haka, a wace takarda, kuma me ya sa za mu yarda da shi? Wani wuri ta ce, nan ra'ayinka ne ko na Baturen da ya rubuta rahoton? Tambayar nan ta biyu ita ta sauya yadda nake karanta takardun zamanin Turawa gaba ɗaya. Malamanmu na gida da yawa sun san wannan, wasunsu ma sun fi na can zurfi a tarihinmu. Bambancin shi ne malamin da ke da ɗalibai ɗari uku a aji da kundi talatin a kan tebur ba shi da sararin da zai bi rubutunka haka.

Babban ɗakin karatun sabo ne, a 2016 aka buɗe shi, kuma lokacin da karatu ya kankama a buɗe yake dare da rana. Da katinka za ka shiga, ka ɗauki littafi, ka ɗora a kan na'ura ta rubuta maka aro. Wuta ba ta ɗaukewa, intanet ba ya yankewa, ga ɗumi. Mujallun bincike da a Katsina sai dai ka ga kan maganarsu a ce ka biya dala talatin kafin ka buɗe, a can dannawa ɗaya ce. Littafin da ba su da shi, ka cike fom su aro maka daga wata jami'a. Amma a sani, wannan damar tana ƙarewa ne da ƙarewar karatunka. Shawarata ga duk mai zuwa ita ce ya tanadi abin da doka ta ba shi damar saukewa na fanninsa tun yana can, ya kuma ƙulla zumunci da malamai, don bayan ka dawo su ne za su riƙa turo maka abin da ka rasa.

Inda zuciyata ta fi zama shi ne ɗakin adana tsofaffin takardu na Cadbury, a ƙasan dogon ginin Muirhead. Bincikena a kan shigowar boko Arewa ne, tun daga yunƙurin 'yan mishan har zuwa kafa Kwalejin Katsina a 1921, wadda ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna. A wannan ɗakin aka ajiye takardun ƙungiyar mishan ta CMS, ciki har da na aikinta a Nijeriya. Ita ce ta turo ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano a 1900 Sarki Alu ya sallame su, kuma a cikin ayarin akwai Dakta Walter Miller wanda daga baya ya zauna a Zariya. Shi kansa Ɗan Hausa, Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, da rigar mishan ya fara shigowa. Kafin ka shiga ɗakin sai ka bar jaka da biro a akwatin ajiya, fensir kawai ake yarda da shi. Ka rubuta lambar abin da kake so, ma'aikaciya ta turo shi a kan ɗan keke, cikin kwali mai ruwan toka. Ta ajiye maka matashin soso da za ka jingina littafi don kada bayansa ya karye, da wata igiya mai nauyi da ake danne shafi da ita. Sai ga wasiƙar da aka rubuta daga ƙasar Zazzau fiye da shekara ɗari da suka wuce a hannunka, tawadar ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, sunayen garuruwanmu an rubuta su yadda kunnen Bature ya ji su. Kana karantawa kana ganin abin da suka fahimta game da mu da abin da ya shige musu duhu.

A wannan ɗakin ne kuma tarin Mingana yake, rubuce-rubucen hannu sama da 3,000 na Larabci da Suriyanci da wasu harsuna, waɗanda Alphonse Mingana ya tattaro daga Gabas ta Tsakiya a shekarun 1920 da kuɗin Edward Cadbury, na gidan masu cakulan. A cikinsu aka gano warƙa biyu na Alƙur'ani mai girma, rubutun Hijazi a kan fata, ɗauke da wani yanki na Suratul Kahfi, ƙarshen Maryam da farkon Ɗaha. Da aka gwada shekarun fatar a Oxford, sakamakon da aka bayyana a 2015 ya nuna dabbar ta rayu ne tsakanin shekarar 568 da 645 Miladiyya, wato zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko jim kaɗan bayansa. Hotunansu na nan a intanet, duk mai waya zai iya dubawa, kuma wanda ya yi karatun allo zai iya bin ayoyin duk da ƙarancin ɗigo da rashin wasali.

Abin da wannan ya tayar mini shi ne takaicin halin da namu ke ciki. Garin Gobarau ne namu, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Na shiga zaurukan malamai a cikin birni na ga littattafan kakanni a cikin gafaka, wasu a buhu a kan rufin ɗaki, gara ta ci gefe, ruwan damina ya taɓa wasu. Abin da ake yi a Birmingham ba sihiri ba ne: kwali marar sinadarin da ke cin takarda, ɗaki mai sanyi daidai, rajista mai lamba, da mutum guda da aikinsa ke nan. Ba abin da ya fi ƙarfin jami'o'inmu da masarauta a ciki in an sa niyya.

A nan ya kamata in ce wani abu da dillalan gurbin karatu ba za su faɗa maka ba. In Hausa za ka karanta, ko Larabci, ko fiƙihu, ko ma tarihin masarautunmu zalla, Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo sun fi maka. Takardun lardin Katsina na zamanin Turawa suna Kaduna, a ma'ajiyar takardu ta ƙasa da Gidan Arewa, dattawan da za ka yi hira da su kuma suna nan gida. Ana zuwa Birmingham ne don abin da babu a nan, ko kayan gwaji, ko wasu takardu, ko wani malami takamaimai. Shekara guda kuma gajera ce ƙwarai. Kafin ka gane kan tsarin, zangon farko ya ƙare. Su ma suna yajin aiki: a shekarar da na yi, ƙungiyar malaman jami'o'i ta yi yajin kwanaki a faɗin Birtaniya, har da ƙaurace wa duba jarrabawa a 2023, ko da yake bai yi kama da wata takwas da jami'o'in tarayya suka yi a rufe a nan a 2022 ba.

Wurin kwana iri biyu ne. Akwai ɗakunan makaranta, mafi shahara su ne na Vale da ke gefen wani tafki, masu tsabta da tsaro amma da tsada, kuma galibi yara 'yan shekarar farko ne a ciki da hayaniyarsu. Sai gidajen haya na unguwar Selly Oak, tsallaken titin Bristol, inda na zauna. Tsofaffin gidaje ne a jere manne da juna, mutum biyar ko shida kowa da ɗakinsa, kicin da banɗaki na tarayya. Ina biyan fam 450 a wata. Mai gidanmu bai kyauta mana ba: na'urar ɗumama gida ta lalace a cikin sanyin Disamba, muka yi ta kira yana cewa gobe, bango kuma ya yi ta tsattsafo da danshi har ya ɓata mini littattafai. Ofishin ba da shawara na ƙungiyar ɗalibai ne ya nuna mana haƙƙinmu da yadda za mu rubuta masa, sannan ya turo mai gyara. Kada ka biya kuɗin ɗakin da ba ka gani ba daga Nijeriya, kuma ka kai musu yarjejeniyar haya su duba kafin ka sa hannu. In kana kiyaye abin da kake ci, ka tambayi su wa za ka yi tarayyar kicin da su, don firji ɗaya ne, kuma naman alade da giya abin yau da kullum ne a wurin wasu.

Ta fuskar addini, da wuya a samu garin da ya fi Birmingham sauƙi ga Musulmi a Ingila. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen garin Musulmi ne. A cikin makaranta akwai wurin salla da na alwala, akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi mai ƙarfi, ana Juma'a, da azumi kuma ana buɗa-baki tare. A gari akwai babban masallaci a Highgate da masallacin Green Lane a Small Heath, inda in ka bi titin Coventry za ka ga mahauta na halal da shagunan Somaliyawa da Yamalawa da Pakistanawa a jere. Mace mai hijabi ko niƙabi ba wanda zai kalle ta sau biyu. Abin da zai ba ka wahala shi ne lokutan salla. A Disamba rana na fitowa bayan ƙarfe takwas ta faɗi kafin huɗu, sai Azahar da La'asar da Magariba su taru cikin awa huɗu, daidai lokacin darasi. A Yuni kuwa Magariba sai tara da rabi, Isha'i wajen sha ɗaya, kafin ka runtsa Asuba ta yi.

Duhun nan na hunturu ya fi sanyin illa. Sanyi dai ka sayi babbar riga a can, kada ka ɓata kuɗinka a gwanjo a nan don ba za ta yi ba. Amma mutumin da ya tashi cikin ranar Katsina, ya wayi gari sati biyu bai ga rana ba, ga kaɗaici, ba mai sallama a ƙofa, ba majalisa bayan Isha'i, abin yana taɓa zuciya. Na ga magidanta da suka rame saboda wannan. Makaranta na da masu ba da shawara kan damuwa, kuma ba abin kunya ba ne zuwa wurinsu, amma abin da ya fi riƙe ni shi ne 'yan Arewa da muke haɗuwa ranar Asabar a gidan wani ɗan Zariya mai karatun digiri na uku, a tuƙa tuwo a yi hira.

Abinci ba matsala in za ka dafa da kanka. A kasuwar Bull Ring akwai doya da agada da kuɓewa da attaruhu da busasshen kifi. A shagunan Indiyawa akwai garin gero da tsamiya, don haka kunu bai gagare ni ba ko da azumi. Kuka da daddawa da yaji ka taho da su daga gida. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa doka ta hana shiga da su, za a ƙwace a filin jirgi.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke yanke hukunci. Kuɗin makaranta na digiri na biyu ga ɗan ƙasar waje yana kamawa daga fam 20,000 da ɗoriya zuwa sama da 30,000, gwargwadon fanni. Lokacin da na tafi, fam ɗaya a farashin gwamnati bai kai naira 600 ba. Aka saki naira a Yunin 2023, cikin 2024 fam ya haura naira 2,000. Wato karatun fam 25,000 ya zama naira miliyan 50, ba a yi maganar haya da abinci da jirgi ba. Kuɗin biza ya haura fam 500. Harajin kiwon lafiya da ɗalibi ke biya ya tashi daga fam 470 zuwa 776 a shekara tun Fabrairun 2024. Dole kuma ka nuna kana da fam dubu ɗaya da ɗoriya na kowane wata har wata tara, kuɗin su kwana 28 a asusu ba a taɓa su ba, ga gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi. Tun Janairun 2024 mai digiri na biyu irin na aji ba ya tafiya da iyali, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Bizar zama neman aiki bayan kammalawa shekara biyu ce, gwamnatinsu kuma ta sanar za ta rage ta zuwa wata 18 daga 2027.

Lissafin da ke halaka yaranmu shi ne na cewa in an biya kason farko, sauran yaro zai nema a can. Doka ta ba ɗalibi awa 20 ne kawai a mako lokacin karatu, kuma abin da za a samu a ciki haya da abinci zai riƙe, ba zai biya kuɗin makaranta ba. Na san wani yaro ɗan jiharmu, mai ƙwaƙwalwa sosai, da ya zo a kan wannan lissafin. Aikin kula da tsofaffi yake yi da dare, ya fito da safe ya shigo aji idanu jajur. Hutu kuma in ya zo, maimakon kundi, sai ya ƙara awanni don ya cike bashin makaranta. Ya gama, ya samu takardarsa da ƙyar, amma ɗakin karatun nan da malaman nan da aka biya miliyoyi dominsu bai amfane su ba. Kamar wanda ya sayi buhun gero a kasuwar Charanci ne ya baro shi a tasha ya dawo gida da rasit.

Kwanan baya wani dattijo abokin mahaifina ya kira ni gidansa a Ƙofar Ƙaura. Ya ce, "Malam, ƙaninka ya samu wannan makaranta taku, ina so in sayar da gonar hanyar Batsari in tura shi." Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, in gonar za ta biya kuɗin makaranta duka da na zamansa na shekara, har a samu saura, to a yi shawara. In kuwa rabi za ta biya, a bar ta. A nemi makarantar ta ɗage masa gurbin zuwa baɗi, ya nemi tallafi." Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko ana samun tallafin ba tare da sanin wani ba. Na ce masa ana samu, ni shaida ne.

Hanyoyin da na sani su ne Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda ke biyan komai amma yana son wanda ya yi aiki na aƙalla shekara biyu kuma zai dawo gida ya zauna shekara biyu, tallafin Commonwealth, tallafin asusun PTDF na gwamnatin Nijeriya ga masu fannonin da suka shafi man fetur da makamashi, sai ragin kuɗi da ita jami'ar kan yi wa wasu ɗaliban waje, wanda ba ya kaiwa ko'ina shi kaɗai. Malaman manyan makarantu su sani hukumar TETFund mai tallafa musu ta dakatar da tura mutane waje daga farkon 2025. Neman gurbin kansa ba ya buƙatar dillali. A shafin jami'ar ake cikewa, da sakamakon digiri na farko, galibi babban mataki na biyu ake so, da wasiƙun malamai biyu, da bayanin dalilin da ya sa kake son fannin, wanda ya kamata ka rubuta da kanka don suna gane na haya. Chevening kan buɗe ne a watan Agusta ya rufe kafin ƙarshen shekara, don tafiyar Satumba mai zuwa. Takardar cikakken sakamako daga tsohuwar makarantarka ita ta fi komai cin lokaci, don haka ita za ka fara nema, tun kafin fasfo.